Kakaki da Mulki: Tarihin Kiɗan Fada Daga Kano Zuwa Tinyer, Tare da Waiwayen Fadojin Turai

1.0 Gabatarwa

Manazarta waƙar baka sun saba kasa makaɗan Hausa gida gida: makaɗan fada, makaɗan jama'a, makaɗan sana'a, makaɗan maza da sauransu. Wannan rabo yana da amfani ga ɗalibi, amma yakan sa a ɗauki kiɗan fada tamkar wani abu da ya tsaya cik tun fil azal. Ba haka abin yake ba. Kiɗan fada yana da tarihi, kuma tarihin nasa ɗaure yake da na mulki. Duk lokacin da sarauta ta ƙarfafa, ko ta faɗi, ko ta yi ƙaura, sai an ga alamar haka a bakin kakaki da fatar tambari.

Wannan takarda za ta bi sawun kayan kiɗan sarauta, musamman kakaki da algaita da tambari, daga Kano ta ƙarni na 15 har zuwa fadojin lamido na arewacin Kamaru, irin su Garwa da Ngaundare da Tinyer. Za a riƙa waiwayar Turai ta tsakanin ƙarni na 17 da farkon na 19, domin a can ma abin da ake kira kiɗan gargajiya na manya a yau, a gindin sarakuna ya girma. Tambayar da ke ƙarƙashin bayanin duka guda ɗaya ce: wane ne ke da ikon a busa masa, kuma wa ya ba shi wannan iko?

2.0 Kayan da ba na kowa ba

Kakaki dogon abin busa ne na ƙarfe, tsawonsa kan haura mita 2, ana haɗa shi gaɓa gaɓa, a kuma kwance shi idan an gama. Ba shi da ramukan yatsu, don haka sautin da yake bayarwa kaɗan ne, yawanci biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Algaita kuwa gajeriya ce, jikinta itace ne da aka lulluɓe da fata, tana da ramuka da ɗan tsinken busa a baki. Mai busa ta yakan cika kumatunsa da iska ya riƙa shaƙa ta hanci, shi ya sa sautinta ba ya yankewa. Tambari babban abin kiɗa ne mai baki ɗaya, kamar ƙaton akushi da aka rufe da fatar sa. Akwai kuma farai, wanda na itace ne, da ƙaho, da gangar fada, da kotso da taushi da jauje da banga, waɗanda ake yi wa sarakuna waƙa da su.

Abin da ya raba waɗannan da kalangun mahauta ko gangar noma ba daɗin sauti ba ne, doka ce. Attajiri komai dukiyarsa yana iya kiran mai kalangu ko mai goge, ya yi masa kyautar doki da riga, amma ba ya sa a busa masa kakaki a ƙofar gidansa. Hakimi ma sai gwargwadon abin da sarki ya yarje masa. Tambari kuwa ba a taɓa shi sai da dalili: naɗin sabon sarki, ko jajibirin salla, ko yaƙi a zamanin da. A fadoji da dama akwai kiɗan da ake kira sara, wanda ake yi a ƙofar fada daren Juma'a. Wanda ya ji sara ya san sarki yana nan kan gadonsa. Masu waɗannan kaya su ma 'yan sarauta ne a nasu matsayi, da muƙamai irin su Sarkin Busa da Sarkin Tambura da Magajin Banga, kuma galibi gado ake yi.

Kalmar algaita kanta ta nuna hanyar da kayan suka biyo. Daga Larabcin Magrib take, inda ake cewa gaita, sai Hausa ta haɗiye ta tare da "al" ɗinta, kamar yadda ta yi wa alƙali da alkama da albasa. Haɗa ganguna da dogayen ƙahonin ƙarfe da algaita a matsayin alamar mai mulki tsohuwar al'ada ce ta daulolin Musulunci. Ibn Battuta ya tarar da ganguna da kayan busa a fadar Mansa Sulaiman na Mali a 1352. Turawa ma daga wannan tushe suka samo ƙananan tamburan da ake ɗora wa doki, a zamanin yaƙe-yaƙensu da Musulmi a ƙasar Sham, kuma daga baya ƙungiyar makaɗan sojan Daular Usmaniyya ta yi musu tasiri ƙwarai. Ke nan kamannin da za a gani tsakanin fadar Kano da fadojin Turai ba duka ne haɗuwar sa'a ba.

3.0 Daga Dagaci zuwa Kutumbi

Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, shi ne madogara mafi daɗewa a kan wannan batu a ƙasar Hausa. Ya kawo cewa a zamanin Sarki Dauda (1421–1438) wani basarake mai suna Dagaci ya zo Kano daga Barno da jama'a masu yawa, yana tafe da ganguna da kayan busa da tutoci. Abin lura a nan shi ne, mutumin da ya rabu da ƙasarsa bai bar gangunansa a baya ba. Da su ya shaida wa Kanawa ko shi wane ne.

Kakaki kuwa littafin ya jingina shi ga Muhammadu Rumfa (1463–1499). Ya lissafa shi cikin abubuwan da Rumfa ya fara, tare da figini da takalman gashin jimina. Idan aka karanta jerin gaba ɗaya, za a ga kakaki bai zo shi kaɗai ba. Sarkin da ya gina sabon gidan sarauta, wato Gidan Rumfa, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya tsara majalisar Tara ta Kano, ya karɓi baƙuncin Shehu Magili wanda ya rubuta masa nasiha kan mulki, shi ne ya ga ya kamata fitowarsa ta kasance da sautin da ba wanda ke da irinsa. Rumfa yana nisanta sarki daga talakawa da sauran masu sarauta, kakaki kuma shi ne muryar wannan nisa. A daidai wannan zamani, Tarikh al-Fattash na Tumbuktu ya ambaci kalmar kakaki a zancen yaƙin Askiya Muhammadu na Songhai a ƙasar Ayar, wajejen 1500, abin da ke nuna manyan daulolin yankin sun rungumi kayan kusan lokaci guda.

Da aka zo kan Kutumbi (1623–1648), sai marubucin ya koma ƙidaya. Ya ce idan sarkin zai fita yaƙi ko salla, akan jera masa ganguna 40 da kakaki 25 da tambura 50, da dawakin zage 100. Ko adadin daidai ne ko an ɗan zuga, manufar a fili take: yawan makaɗa ma'aunin ƙarfin sarki ne. Kutumbi mayaƙi ne, ya kai yaƙi Bauchi da Katsina, shi ne kuma aka ce ya fara karɓar jangali daga Fulani. Makaɗa sama da ɗari ba sa rayuwa da iska. Ganima da haraji ne ke ciyar da su.

A shekarar da Kutumbi ya hau gado, 1623, Sarki Fadinan na Biyu, mai daular da ta haɗa ƙasashen Jamus da Ostiriya, ya ba ƙungiyar masu busa ƙahon ƙarfe da masu kaɗa tambura takardar gata. Takardar ta keɓe waɗannan kaya ga fadojin sarakuna da rundunonin yaƙi, ta kuma tsara yadda za a koyi sana'ar a hannun gwani. Makaɗin biki na kan titi ba shi da izinin taɓa su. An yi haka ana tsakiyar Yaƙin Shekara Talatin, wanda ya ƙare a 1648, shekarar da Kutumbi ya rasu bayan karawarsa da Katsina. Abin da Hausawa suka tsare da al'ada, Jamusawa sun tsare shi da takarda da hatimi, amma ƙa'idar ɗaya ce.

Wanda ya kai abin ƙarshe a Turai shi ne Luwis na 14 na Faransa. Yana yaro manyan ƙasarsa suka yi masa tawaye. Da aka murƙushe su, sai ya fito a 1653 cikin wata rawar fada ya taka rawar rana, wadda kowa ke kewayawa. A 1661, shekarar da ya karɓi ragamar mulki da hannunsa, ya naɗa Luli, ɗan asalin Italiya, shugaban makaɗan fada, a 1672 kuma ya ba shi iko shi kaɗai kan wasan kwaikwayo na waƙa a Faris. Yawancin wasannin Luli da yabon sarki suke buɗewa. Da Bahaushe ya ga aikinsa, Sarkin Kiɗa zai kira shi, ba wani abu ba. Bambancin da ke akwai shi ne, Turawa sun rubuta kiɗansu a takarda, don haka ana iya kaɗa na Luli yau yadda ya tsara shi. Na makaɗan Kutumbi kuwa, sai abin da gado ya riƙe a hannun jikoki.

4.0 Jihadi da gardamar kiɗa

Babban gwajin da kiɗan fada ya fuskanta shi ne jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. An yi hijira daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, aka gwabza a Tafkin Kwatto a watan Yuni, Alƙalawa ta faɗi a 1808. Malaman jihadi suna kallon kiɗe-kiɗen fada a matsayin wani ɓangare na mulkin da suka tashi kawarwa. A cikin Kitab al-Farq, inda Shehu ya bambanta mulkin Musulunci da na sarakunan da ya tarar, ya sanya shagaltuwa da kiɗe-kiɗe na banza cikin halayen da ya soka. Amma bai rufe ƙofa ruf ba: ya bar gangar da ake kaɗawa don wata bukata ta shari'a, kamar tara runduna. Wannan 'yar kafa ita ce daga baya ta zama babbar ƙofa.

Shugabannin ba su kasance da baki ɗaya ba. Malam Abdullahi, ƙanen Shehu, ya fi kowa tsanani. Tun ana cikin yaƙi ya ga jama'a sun fara karkata ga dawaki da tufafi da kiɗa, ransa ya ɓaci har ya bar rundunar a 1807 da niyyar tafiya gabas, ya tsaya a Kano, inda ya rubuta Diya' al-Hukkam. Ya bayyana wannan ɓacin rai a Tazyin al-Waraqat. Shi kuwa Shehu, bayan ya tsananta a wani littafi na 1808, sai ya sassauta a Najm al-Ikhwan na 1812, ya nuna cewa abin da malamai suka yi saɓani a kansa bai kamata a tsananta wa jama'a ba. Ba wai ra'ayinsa kan shagala ya sauya ba. Yanzu akwai daula a hannu, da mayaƙa da hakimai da talakawan da suka saba gane mai mulki ta hanyar abin da kunnensu ya ji. Masanin kiɗa Veit Erlmann ya yi littafi sukutum a 1986 kan waɗannan rubuce-rubuce da matsayin kiɗa a farkon daular Sakkwato.

Kano ta nuna yadda abin ya ƙare. Bayan an kori Sarki Alwali, sarkin Fulani na farko, Sulaimanu, malami ne mai gudun ado. Wanda ya gaje shi, Ibrahim Dabo (1819–1846), ya sha fama da tawaye, sai ya farfaɗo da muƙaman sarautar Hausa da tsarin fadar da ya tarar. Da Baturen nan Clapperton ya ratsa ƙasar a 1824, ya kuma dawo a 1826, ya tarar sarakunan daular suna tafiya da makaɗansu da dogayen kayan busa. Shekara 20 kacal ke nan da Tafkin Kwatto.

Ingila ta ga irin wannan juyi. A 1644, lokacin yaƙin basasa, majalisar da masu tsananin addini suka mamaye ta ba da umarnin a fitar da manyan kayan busa na coci, makaɗan sarki kuma suka watse bayan an kashe shi a 1649. Da ɗansa Carles na Biyu ya dawo gado a 1660, cikin abubuwan da ya yi da wuri har da kafa ƙungiyar masu goge 24, kwaikwayon ta Faransa. Sai dai kwatancin yana da iyaka. A Ingila tsohuwar sarauta ce ta dawo da kiɗanta. A ƙasar Hausa kuwa waɗanda suka yi nasara ne suka ɗauki kiɗan waɗanda suka kora.

Korarrun ma ba su saki nasu ba. Sarkin Zazzau Makau ya yi kudu zuwa Zuba, ƙanensa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, wadda ake kira Suleja a yau, kuma tambura na cikin kayan sarautar Zazzau da zuriyar ta adana a can. Gidan sarautar Katsina na da ya kafu a Maraɗi, na Gobir a Tsibiri, kowanne da makaɗansa da kirarin kakanninsa. A Birnin Katsina kuwa Gwauron Tambari ya zauna cikin kayan sarauta tare da takobin nan Gajere. Saboda haka a ƙarni na 19 akwai Sarkin Katsina biyu, ana kaɗa wa kowanne tambari, kowane tambari kuma yana ƙaryata ɗan'uwansa.

Wani abin sha'awa, a 1804 ɗin nan ne Betoben, a birnin Biyana, ya kammala dogon kiɗansa na uku da niyyar sadaukar da shi ga Napoliyon, gwarzon juyin juya halin Faransa. Da ya ji mutumin ya naɗa kansa sarkin sarakuna, sai ya soke sunan. Makaɗin Turai ya fara jin yana iya hana mai mulki yabo. Makaɗin Hausa yana da nasa makamin tun da daɗewa, wato habaici da zambo, sai dai yakan harba su ne kan abokan gabar ubangidansa, ba kan ubangidan ba.

5.0 Fombina: yadda kakaki ya hau tsaunin Adamawa

Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu wajejen 1809, aka ba shi ƙasar kudu, wadda Fulani ke kira Fombina. Ya zauna a Gurin da Ribaɗu kafin ya kafa Yola a 1841, ya rasu a 1847. Ƙarƙashin Yola aka sami ƙananan masarautu masu yawa, mafi yawansu a cikin Kamaru ta yau: Garwa a bakin Binuwai, Marwa a arewa, Rai Buba a gabas, sai na kan tudu, wato Ngaundare ta Arɗo Njobdi, da Tibati ta Hamman Sambo, da Banyo da Konca da Tinyer. Tinyer, wadda ake rubutawa Tignère da Faransanci, tana yamma da Ngaundare, kusa da iyakar Nijeriya, ita ce kuma hedikwatar gundumar Faro da Dewo a yau.

Waɗanda suka kafa waɗannan masarautu arɗo-arɗo ne, shugabannin makiyaya, da modibbai. Ba su gaji fada ba, ba su gaji makaɗan fada ba. Suna da nasu kiɗan, na sarewar makiyayi da molo da waƙoƙin shanu, a yankin Marwa kuma akwai waƙar mboku wadda ake rerawa ba kiɗa. Amma arɗon da ya wayi gari yana mulkin Mbum da Bute da Baya da Pere, ga bayi ga fatake, yana bukatar abin da zai nuna ya wuce shugaban ruga. Samfurin da ke kusa shi ne na Hausa da na Barno, sai aka ɗauko shi kusan ɗungurungum. Majalisar lamido sunanta fada. A cikinta akwai Galadima da Kaigama, waɗanda asalinsu Barno ne, da Sarkin Yaƙi da Sarkin Hausawa da wasu muƙamai da ke farawa da "sarki", ana faɗinsu da Hausa a tsakiyar zancen Fulatanci. Tare da muƙaman aka ɗauko kakaki, wanda a wannan yanki da Chadi akan kira gashi, da algaita da ganga.

Su wa za su busa? A nan al'adar Fulani ta shigo. Pulaku, wato tarbiyyar da Bafulatani ke alfahari da ita, ta ginu ne kan kunya da kamun kai. Tsayawa gaban jama'a ana ɗaga murya ana roƙo abu ne da ɗan asali ke ƙyama. Yana son a yabe shi, amma ba ya son ya zama mai yabon. Don haka sana'ar ta faɗa hannun baƙi, Hausawa da Barebari da 'ya'yan ƙabilun da aka ci da yaƙi. Binciken da Erlmann ya yi a yankin Marwa, wanda aka buga a 1980, ya tabbatar da girman tasirin Hausa da Barno a kan makaɗan sana'a na wurin. Hausawa dama suna kwarara Fombina fataucin hauren giwa da goro da bayi, suna kafa unguwanni a Garwa da Ngaundare da Tibati da Banyo. Inda fatake suka sauka, mahauci da wanzami da maroƙi ba sa nisa. Kalmar Fulatanci ta maroƙi ita ce bambaɗo, Hausa ma tana da bambaɗawa, shaidar cewa harsunan biyu sun daɗe suna musayar kalmomi a wannan fage.

Akwai wani dalili na harshe da ya kamata ɗalibi ya tsaya a kansa. Hausa harshe ne mai karin sauti. Kalmar kuka ta hawaye da kuka ta miya baƙaƙe da wasulansu ɗaya ne, hawa da saukar murya ne kawai ya raba su: ta farko sama sama, ta biyu sama ƙasa. Wannan ne ya sa ganga da kakaki suke iya "magana". Makaɗi yana kwaikwayon karin kalmomi da tsawon gaɓoɓinsu, mai sauraron da ya san taken sai ya ji kalmomin a kunnensa. Sauti biyu na kakaki sun isa su ɗauki gajeren take, tun da karin Hausa ma asali biyu ne, na sama da na ƙasa. Fulatanci kuwa ba shi da karin sauti mai bambanta ma'ana. Saboda haka ba a iya ɗauke take daga Hausa a zuba shi cikin Fulatanci kamar yadda ake fassara wasiƙa. Idan aka canja harshen, abin da kakaki ke faɗi ya ɓace. Wannan na daga cikin abin da ya sa Hausa ta sami gindin zama a bakin makaɗan fadojin da harshen mulkinsu da na kasuwarsu Fulatanci ne.

Siyasar tudun Adamawa ba ta kwanciyar hankali ba ce. Tibati ta yi ƙarfi har ta riƙa yi wa Yola taurin kai, tana kuma takura wa maƙwabtanta, Tinyer na cikin waɗanda suka ɗanɗana. A irin wannan hali, ƙaramar masarauta ta fi babba bukatar kayan busa, domin su ne ke shelar cewa mai garin lamido ne mai tutarsa, ba wakilin wani ba. A gefe guda kuma ba kowa ne ya amsa wannan shela ba. Mutanen Nyam-Nyam na Galim, kusa da Tinyer, waɗanda ke kiran kansu Niza, sun haye dutsen Jim suka yi shekaru suna turjiya ga mayaƙan Fulani, daga baya kuma ga Jamusawa. Zuriyarsu na yin bikin tunawa da wannan turjiya a gindin dutsen, da raye-rayensu da kiɗansu na kansu. A gunduma ɗaya ke nan ana jin kiɗa iri biyu, kowanne da labarin da yake bayarwa game da ƙarni na 19.

6.0 Bayan takobi ya koma kube

Jamusawa sun ci Tibati a 1899, Ngaundare a 1901. A watan Satumba na 1901 Ingilishi suka kama Yola, Lamido Zubairu ya fice, Jamusawa suka karya rundunarsa a Garwa a ƙarshen shekarar, suka sake karya ta a Marwa a Janairun 1902. Kano da Sakkwato suka faɗi a 1903. Fombina ta rabu biyu, uwar a hannun Ingila, yawancin 'ya'yan a hannun Jamus, sannan Faransa bayan Garwa ta faɗi a 1915.

Turawa sun karɓe yaƙi, suka bar kiɗan yaƙi. Mulkinsu ta hannun sarakuna yake, don haka suna bukatar talaka ya ci gaba da ganin kwarjinin sarki. Tamburan da ke tara mayaƙa suka koma na salla da tarbar Gwamna, aka shirya manyan hawan daba, kamar na Kano a 1913 da na Kaduna a 1956 don Sarauniyar Ingila. Abin mamaki, wannan zamani da sarakuna suka rasa takobi shi ne ya fitar da makaɗan fadar da aka fi sani, irin su Ibrahim Narambaɗa na Isa, da Salihu Jankiɗi, da Musa Ɗanƙwairo, da Sarkin Taushin Katsina, da Sa'idu Faru. Wani ɓangare na dalilin shi ne faifai da rediyo sun adana muryoyinsu, abin da magabatansu ba su samu ba. Waƙoƙinsu cike suke da kirarin yaƙi ga sarakunan da ba su taɓa jan daga ba, gabar kuma ta koma ta 'yan'uwa masu neman gadon sarauta. Da siyasar jam'iyyu ta zo a shekarun 1950, wasunsu suka bi sabon mai iko. Ɗanƙwairo ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello waƙa da salon da yake yi wa sarakuna.

A Kamaru, shugaban ƙasa na farko, Ahmadu Ahijo, ɗan Garwa ne, ya yi mulki daga 1960 zuwa 1982. Ya san darajar lamido a idon jama'ar arewa, ya kuma san haɗarinsu ga gwamnati. Dokar 1977 ta kasa sarautun gargajiya daraja uku, ta mai da masu riƙe da su mataimakan hukuma. A Nijeriya ma gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kammala raba sarakuna da ikon gudanarwa, bayan an riga an karɓe musu kotuna da 'yan doka. Duk da haka, ranar salla a fadojin Adamawa lamido kan fito bisa doki ƙarƙashin laima, masu algaita da ganga na biye, kamar yadda ake yi a Kano, wadda hukumar UNESCO ta sanya hawan sallarta cikin jerin al'adun duniya a 2024.

Kalmar kakaki kuma ta sami sabon aiki a Hausar jarida da rediyo. Wanda ke magana da yawun gwamnati ko rundunar soja ko jam'iyya, kakakinta ake ce masa. Shugaban majalisar wakilai a Abuja, da na majalisar dokoki a Yawunde, Kakakin Majalisa ake kiran kowannensu a labaran Hausa.